Zaren da Ke Cikin Jinin Tagwaye

Assalamu alaikum. Mai girma dattijon unguwarmu, Toshpulat-ota, da ke jagorantar wannan zama, limaminmu, iyayenmu mata da suka bar shinkafa a wuta suka zo, masaƙa da marinan garinmu Margilan, baƙuwarmu da aka haifa a bayan masallacin nan, Dokta Muhayyo Ergasheva, jama'a manya da yara, ina gaishe ku.

Ina godiya da aka ba ni dama. Sunana Husanboy, marini ne ni, karatuna bai yi nisa ba. Dokta na neman ɗigon jinin tagwayen unguwar nan domin bincikenta, an kuma ce sai unguwa ta amince. Ni ɗan tagwaye ne, don haka maganar ta shafe ni.

Na farko, me take nema a jinin? Ranar da ta zo marinarmu na tambaye ta. Ta ce a cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai zaren gado wanda, in aka warware shi, ya fi mutum tsawo, an naɗe shi a kan wasu 'yan ƙananan abubuwa kamar ƙwaryar zare. Wannan naɗin suke kira kuromatin. Na kira ta Muhayyo-opa, wato babbar yaya, don girmamawa, na ce, to yaya ba ya cukurkuɗewa? Ta yi dariya, ta ce tambayar da ta cinye mata shekara ashirin ke nan.

Kun san yadda muke ɗaure siliki kafin mu tsoma shi a rini: inda aka ɗaure, launi ba ya shiga. Ta ce kusan haka jiki yake. Inda naɗin ya matse, jiki ba ya karanta abin da ke wurin. Inda ya sassauta, sai ya karanta. Na ce wa ke ɗaurewa, wa ke kwancewa? Ta ce wani ɓangare an gano, wani ɓangaren shi ya kawo ta gida.

Na biyu, wace ce ita? An ce masana a ƙasashe masu nisa suna kafa hujja da rubuce-rubucenta, ɗalibanta ma sun yaye nasu ɗaliban. Ni ban iya karanta su ba. Abin da na lura da shi, ban taɓa ganin mai ilimin da ke yawan cewa "ban sani ba" kamarta ba. Gwangwanin da babu kome a ciki shi ya fi ƙara.

Na uku, tsoro. Qodir-aka mahauci ya ce a shagon shayi, "Yau jini, gobe kuma ƙoda za su ce a kawo." Sai matarsa ta ce masa, "Kai da ke yanka rago kullum, allura ce ta hana ka zuwa asibiti." Mun yi dariya, amma tambayarsa tana kan hanya. Dokta ta amsa cewa jinin ba zai wuce ɗakin bincikenta na Tashkent ba, ba za a rubuta sunan kowa a kai ba, wanda ya fasa kuma za a zubar da nasa.

Na ƙarshe, ɗan'uwana Hasanboy, ga shi can kusa da butar shayi. Ciki ɗaya, kama ɗaya, zare ɗaya. Shi ya tafi aikin gini a Rasha, ni na tsaya a marina. Ya dawo da ciwon sukari da furfura, ni ko mura sai jefi-jefi. Na tambayi Dokta ko za ta warkar da shi. Ta dube ni ta ce, "A'a, ƙanena. Ina so ne in ga inda ɗaurinku ya bambanta. Wataƙila jikokinku su amfana." Da ta yi mini alƙawarin magani, da ban tsaya nan ba.

Ni na yarda, amma jinina ni kaɗai ba shi da amfani, sai an auna shi da nasa. Shi kuwa ya ce ba zai miƙa hannu ba sai dattawa sun sa albarka. Don haka nake roƙonku, iyayena, ku sa.

Kai kuma yaya, kai ka riga ni zuwa duniya. Gobe ma, wurin ba da jinin, ka shiga gaba, ina bayanka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa Dokta basira, ya sa abin da za a yanke a nan ya zama alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.