Rabin Maki

A tashar motar Eriku da ke birnin Lae, Yawing ya kasa zama wuri ɗaya. Ya miƙa wa wani direba takardar cacar wasan ragbi da ɗansa ya bari a gida.

"Ɗan'uwa, duba mini. Ƙungiyar da ya zaɓa ta ci jiya, amma yaron bai dawo ba."

"Da tazarar maki nawa?"

"Shida."

"Ayya, Baba. An rage musu shida da rabi tun kafin wasa. Sai da tazarar bakwai zai ci kuɗi."

"Rabi kuma? A ragbi akwai rabin maki?"

"A fili babu. A takarda akwai."

Yawing ya ninke takardar.

"Albashinsa na farko ne ya zuba. Wace mota ke zuwa unguwar Bumbu? Wurin gwaggonsa yake ɓuya in ya ji kunya."