Maɓoyar Kifi

A tashar Tambuwal, ana jiran motar Kebbe ta cika, wani dattijo, Malami, ya ƙura wa kwalin da ke cinyar wata matashiya ido.

"Ɗiyata, duwatsu kika rungume haka kamar jinjiri?"

"Na teku ne, Baba, daga Legas aka aiko mini. Kifin ruwan gishiri zan kiwata a akwatin gilashi, na ado."

"Teku a ƙasarmu? Kai, kin burge ni! To, wuta fa?"

"Sola na saya, saboda injin da ke juya ruwan. In ya tsaya, sun mutu."

"Su duwatsun, mi za su yi?"

"Jera su zan yi, in bar ramuka da lunguna inda kifin zai ɓuya."

Malami ya yi dariya. "Ki sayi kifi don kallo, sannan ki gina mishi maɓoya?"

"Ai wanda ya san yana da wurin ɓuya, shi ke fitowa fili yana yawo. Wanda bai da shi, tsoro ke cinye shi, ko abinci ba ya ci."

Sai dattijon ya ce:

"Ɗana Haliru, tun da 'yan bindiga suka sako shi, ba shi fita ɗaki. Sai na cire ƙyauren, wai don ya fito."

"Ya fito?"

"Tuwo ma ya bar ci."

Malami ya shafa ɗaya daga cikin duwatsun a hankali, sannan ya miƙe.

"Allah shi yi miki albarka. Riƙe mini wurina, ƙusa zan sayo."