Rigar Sa'ar Don Eusebio

A unguwarmu ana cewa Don Eusebio bai taɓa ba kowa haƙuri ba. A tashar motar San Pedro na ji shi da wata baƙuwa mai kwandon ayaba, suna zancen ƙungiyarmu ta besbol, wasan jifan ƙwallo da dukanta da sanda.

"Shugabannin ƙungiyar ne," in ji ta. "Sun sallami ƙwararrun masu jifan ƙwallo da ake sakowa canji. Muna gaba har zagaye na bakwai, sai a sako wanda ko mangwaro ba zai iya kaɗowa ba."

"Ba laifinsu ba ne, baiwar Allah. Matata ce ta wanke rigata ta sa'a. Kwana tara ke nan ba na mata magana."

"Kafin ta wanke, wasa nawa suka zubar mana a ƙarshe?"

Ya ƙirga da yatsu. "Shida."

"Rigar tana jikinka?"

"Tana jikina."

"To Baba, ai wari kawai ta rage wa maƙwabtanka a filin wasa."

Ya ciro waya ya kira matarsa.

"Altagracia, ni ne. Ashe shugabannin ne. Ki yi haƙuri."