Ina Zan Tsaya a Hoton Shagon Baba?

YAYA: Halo? Auta? Salamu alaikum.

AUTA: Wa alaikumus salam. Yaya! Ina wuni?

YAYA: Lafiya lau. Ya aiki, ya maigidan naki da yara?

AUTA: Duk lafiya. Ya su Mama? Ya gajiyar hanya?

YAYA: Wace hanya kuma? Tun yaushe na dawo! Zaman gida ne ya gajiyar da ni, na haddace duk tsagar da ke bangon falon nan.

AUTA: To madalla. Amma Yaya, kai fa ba ka kira don gaisuwa. Me ya faru?

YAYA: Kunnen Yaya Babba ne ya ɓace.

AUTA: Innalillahi! A shago? Injin yanka katako ne?

YAYA: A'a, a kwamfuta! Ke ma dai. Ɗan hoton talla Yaya Babba ya ce in haɗa musu, wanda za a sa a saman shafin shagon Baba na intanet, tunda ni ne mara aikin yi. An jima Baba zai shigo ya gani.

AUTA: Kai Yaya, ka tsinka min zuciya! Wane hoto ka sa?

YAYA: Wanda suka ɗauka a ƙofar shago. Baba a tsakiya da zarto, Yaya Babba a dama, Dogo a hagu. Na rubuta "Baba Kafinta da 'Ya'yansa" a sama, na yi wa rubutun inuwa da launin katako. Ya yi kyau wallahi.

AUTA: To me ya kai ka kunnen mutum?

YAYA: Ina goge gefen kafaɗata ne.

AUTA: Kafaɗarka? Ai ba ka cikin hoton nan, kana can ƙasar mutane aka ɗauka.

YAYA: Yanzu ina ciki.

AUTA: Halo? Ban ji ba, layin yana yankewa.

YAYA: Na ce YANZU INA CIKI! Na yanko kaina daga wani hoto na liƙa.

AUTA: Au. To. Duba hannun dama, akwai jerin leya. Kamar falankai ne aka jibga ɗaya kan ɗaya, kowane da abin da ke kansa. Wanne ne ya yi shuɗi?

YAYA: Na ƙasa.

AUTA: Shi ya sa. Kana kan falankin su Baba kana gogewa, ka ɗauka naka ne. Danna kibiyar komawa baya har kunnen ya dawo.

YAYA: Na danna... na danna... Ya dawo! Amma rubutun ya tafi.

AUTA: Ka wuce. Danna ta gaba sau ɗaya.

YAYA: Rubutu ya dawo, kunne ya tafi.

AUTA: Ya Salam. Ɗauki allon da waya ka turo min.

YAYA: Yana tafiya. Ya zo?

AUTA: Yana ta juyawa... Yauwa. Wayyo cikina! Yaya, mene ne wannan?

YAYA: Kar ki yi min dariya, Auta.

AUTA: Su suna zufa cikin rigunan aiki, kai kana sanye da rigar sanyi har wuya da hular ulu! Kuma kanka ya fi na Dogo sau biyu.

YAYA: Shi kaɗai ne hoton da na fito da kyau.

AUTA: Wannan farin hasken da ya zagaye ka fa?

YAYA: Na gani a jerin kwalliya, na ce bari in sa don a gan ni sosai.

AUTA: Irin wanda ake yi wa hoton mamaci ne fa! Mama ta gani sai ta fasa kuka. Ga inuwarka ta rufe rabin fuskar Yaya Babba. Rana tana dukan su ta hagu, taka inuwar ita ma ta nufi hagu, kamar da taka ranar ka zo.

YAYA: To ya zan yi?

AUTA: Hau kan taka leyar. Ƙarƙashinta akwai ƙananan idanu, ka rufe na haske da na inuwa.

YAYA: Na rufe. Kai! Auta, na ɓace gaba ɗaya!

AUTA: Babban idon ka rufe. Buɗe shi.

YAYA: Na dawo. Amma yanzu ana hango ƙofar shago ta cikin ƙirjina.

AUTA: Ka taɓa ma'aunin kauri ke nan. Ja shi zuwa ƙarshe. Ka daina taɓa abin da ban ce ba, don Allah!

YAYA: To. Yanzu ina zan tsaya? In na matsa kusa da Baba sai in rufe zarton. In na ja leyata ƙasa sai hotonsu ya haɗiye ni. Gefe kaɗai ke da fili, can kusa da tulin katako.

AUTA: Ka cire kanka mana. Yaya Babba bai ce ka sa ba.

YAYA: An rubuta "da 'ya'yansa", Auta. Duk wanda ya buɗe shafin zai ƙirga biyu, Yaya Babba da Dogo. Tun da na dawo, daga "ka tashi lafiya" sai "rufe ƙofa", Baba bai ƙara min kalma ba. Ko shagon bai ce in leƙo ba.

AUTA: Kai ka ce masa kana so ka je?

YAYA: Da wane bakin? Ni da na ce sassaƙa ba aikina ba ne na kama hanya? Ke dai faɗa min yadda ake rage girman kai.

AUTA: Kama kusurwar akwatin da ya zagaye ka, ka ja ciki a hankali.

YAYA: Na ja... Subhanallahi, na zama siriri kamar ƙusa! Tsaya, ana buɗe ƙofa. Shi ne! Ya ake rufe abin nan? Auta! Sannu da zuwa, Baba. A'a, ban gama ba tukuna. Auta ce. To, ga ta.

BABA: Auta?

AUTA: Na'am, Baba. Ina wuni?

BABA: Lafiya. Ina kunnen yayanku?

AUTA: Za a mayar, Baba.

BABA: Wannan na gefe kuma, mai rigar sanyi, kamar baƙon da ya zo tambayar hanya?

AUTA: Yaya ne, Baba. Yana so ne ya...

BABA: Na gane shi, ni na haife shi. Wayarki tana ɗaukar hoto mai kyau?

AUTA: Tana ɗauka.

BABA: Ki biyo ta shago gobe da safe. Kai kuma, ka karɓi tsohuwar riga wurin Dogo. Sai ka share ƙasa ka goge falanki tukuna, ba a shiga hoton shagona da hannu fes. Ina ake kashe wannan wayar? Jan ne ko...