Ƙibar da ta kusa raba ni da ɗiyata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Isiyaku daga Unguwar Lalle.

Shekarar da fari ya ƙone muna gero, yaran gari duk suka rame, amma ɗiyata Saratu sai kumatu da ƙafafu suka cika. Har mata na ce ma uwarta, "Ke dai kin iya kiwo!" Da ta daina cin abinci, na kai ta asibitin Sabon Birni.

Wata nas ta danna mata ƙafa da yatsa, ta ɗauke, rami ya tsaya. Ta ce, "Baba, wagga ba ƙiba ba ce, kumburin yunwa ne." Na ce maza a yi mata ƙarin ruwa. Ta ƙi! Na tada murya, na ce za ni ɗauke ɗiyata.

Ta ce, "Da can ni ma da na rataya mata ruwan. Da na koma karatu aka nuna muna abin da bincike ya gano: zuciyarta ta raunana, ruwan na iya tsayar da ita."

Madara ta musamman ta riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Kumburi ya sace, yarinya ta koma ƙashi da fata, nas kuwa murna take, wai alamar sauƙi ke nan! Yau Saratu ko akuya ba ta tsere mata.

Mai gabatarwa, wa za mu roƙa a tura sauran ma'aikatan jinyarmu karatu? Ɗan maƙwabcina ma mun yaba ƙibarshi waccan shekara. Da hannuna na sa shi kabari.