Oga Ya Shigo, Kofi Ya Tafi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Talatu, tela ce ni a Karshi, kuma ina wasan kwaikwayo da 'yan unguwarmu.

Ranar Asabar muka shiga gasa a cikin Abuja, bayan wata uku muna gwaji a shagona. Rabin awa aka ba kowace ƙungiya. Na fito a matar da aka rushe wa gida, ina tsakiyar kuka, jama'a sun yi tsit, sai ga babban baƙo, wani darakta. Nan take mai sanarwa ya ce, "A dakata, oga ya iso!" Minti ashirin ana zuba masa kirari, ni kuwa ina durƙushe.

Wajen rabon kyauta alƙalai suka ce mu ne kan gaba, amma mun wuce lokaci, an cire mu. Ogan da kansa ya miƙa wa wasu kofin, har yana yaba musu wai sun kiyaye lokaci!

Masu sauraro, mu kai kuka ko mu haƙura? Tunda an iya tsayar da kukana saboda oga, me ya hana a tsayar da agogo?