Agogon da Ba Ya Ganin Waya

A tashar Kaura Namoda, Malam Bawa na jiran motar Zurmi ta cika, yana ta girgiza agogon hannunsa. Wata budurwa a gefensa ta ce, "Baba, lafiya?"

"Ɗiyata ta sawo mini shi. Shina ƙirga bugun zuciyata ya gaya wa waya, waya ta gaya mata can Gusau. In sunka rabu, sai ta ɗauka na mutu. Yau sau biyu tana kirana da kuka."

"Mi ke raba su?"

Ya rage murya. "Layar zana gare ni, mai ɓatar da mutum. Agogo ba ya ganin wayar."

"Ina wayar take?"

"Aljihun dama."

"Ga agogo a hagu. Baba, tumbinka ne tsakani, saƙon bai iya ratsa shi."

"Tumbina? Ke, layar kakana ce!"

"To, ni ƙaƙa nike ganinka?"

Ya mai da wayar aljihun hagu, nan take agogon ya yi ƙara.

"Ka gani, sun gaisa. Ɗiyarka ta huta."

Malam Bawa ya dubi hanyar Zurmi. "Ita ta huta. Ni shekara ashirin nike wuce ƙofar surukina ina yi mishi gwalo."